Yadda Ake Kare Filin Jirgin Sama Daga Ambaliya: Darasin Da Japan Ta Koya A Kansai

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa cikin bokitin ruwa ya san cewa jiƙewar gilashi ko murfin baya ba abin damuwa ba ne, ana gogewa da tsumma a wuce wurin. Tashin hankalin yana farawa ne idan ruwan ya samu kafa ya shiga ciki, ya taɓa batir da ƙananan na'urorin da ke tafiyar da wayar. Daga nan sai shagon mai gyara, wani lokacin ma sai dai sayen sabuwa.

Filin jirgin sama ma haka yake. Abin da ake gani a bidiyon da ke yawo a TikTok da Facebook shi ne jirage tsaye cikin ruwa, amma titin jirgi yakan tsane cikin 'yan kwanaki. Abin da ke rufe fili na makonni ko watanni shi ne lalacewar kayan lantarki, da kwamfutoci, da injinan zuƙe ruwa, da hanyar da mutane ke bi su shiga filin. Babu inda wannan ya fito fili kamar a filin jirgin sama na Kansai da ke ƙasar Japan, a shekarar 2018.

Filin da aka gina a tsakiyar teku

Birnin Osaka yana da tsohon filin jirgi mai suna Itami, wanda gidaje suka kewaye shi ta ko'ina. Babu wurin faɗaɗa shi, kuma ƙarar jirage ta sa an taƙaita tashi da sauka da dare. Don haka hukumomi suka yanke shawarar yin sabon tsibiri a cikin teku, kimanin kilomita 5 daga gaɓa, su ɗora fili a kansa. An fara aikin a 1987, aka buɗe filin ranar 4 ga Satumba, 1994. Gada guda ɗaya mai tsawon kusan kilomita 4 ce ta haɗa shi da tudu, motoci na bi ta sama, jirgin ƙasa na bi ta ƙasa.

Tun daga farko injiniyoyin sun san ƙasan tekun wurin laka ce mai laushi, kuma tsibirin zai riƙa nutsewa a hankali saboda nauyinsa. Domin lakar ta yi saurin taurara, sai suka kafa turakun yashi kimanin miliyan ɗaya a cikinta, waɗanda ke tsotse ruwan da ke cikin lakar kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Duk da haka nutsewar ta zarce lissafin farko. Tsibirin farko ya yi ƙasa da fiye da mita 13 tun da aka fara aikin. A shekarar da aka buɗe filin yana nutsewa da kusan santimita 50 a shekara, yanzu kuwa abin ya ragu zuwa ƙasa da santimita 10.

Babban ginin fasinjoji, mai tsawon kilomita 1.7, yana zaune ne a kan ginshiƙai kimanin 900. Ana auna tsayin kowanne da na'urori, idan wani ɓangare ya fi wani nutsewa sai a ɗaga ginshiƙin da babban jak, irin na ɗaga mota amma mai ƙarfin gaske, a cusa farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa. Da wannan dabarar ginin yake tsayawa daidai ko da ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana motsi. Lokacin da girgizar ƙasa ta rugurguza birnin Kobe da ke maƙwabtaka a Janairun 1995, filin Kansai ya fita kusan lafiya lau. Wannan ya ƙara wa mutane yarda da shi.

Ranar da teku ta tsallake katanga

Ranar 4 ga Satumba, 2018, daidai cikar filin shekara 24, mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Jebi ta afka wa yankin. Ita ce mafi ƙarfi da ta sauka a Japan cikin shekara 25. Na'urar auna iska a filin ta nuna gudun da ya kai kusan kilomita 209 a sa'a. Guguwar ta tunkuɗo ruwan teku ya yi tudu a gaɓa, igiyoyin ruwa kuma suka riƙa tsallake katangar da ke kewaye da tsibirin.

Cikin ɗan lokaci titin jirgi na farko ya koma tafki, haka wuraren ajiye jirage da rumbunan kaya. Sannan ruwan ya bi hanyoyin da ke gangarawa ƙarƙashin ginin fasinjoji na ɗaya, inda aka girke manyan kayan rarraba wutar lantarki. Wuta ta ɗauke a babban ɓangaren ginin. Na'urorin sanyaya wuri suka tsaya, lasifikokin sanarwa suka yi shiru, sabis ɗin waya ma ya yi rauni. Ma'aikata na da bayanin da za su isar, amma babu hanyar isar da shi ga dubban mutanen da ke zaune cikin duhu da zafi.

Ana cikin haka, iska ta fizgi wani jirgin ruwan dakon mai da ya yada zango a kusa bayan ya sauke man jirage, ta maka shi a jikin gadar. Wani sashe na titin motar ya goce daga mazauninsa, layin dogon ma ya lalace. Hanya ɗaya tilo ta shiga da fita ta toshe. Mutane kusan 8,000, fasinjoji da ma'aikata, suka maƙale a tsibirin. Sai washegari aka fara kwashe su da jiragen ruwa masu gudu zuwa Kobe, da bas-bas ta gefen gadar da bai lalace ba.

Titin jirgi na biyu, wanda aka buɗe a 2007 a kan sabon tsibiri mai ɗan tudu, bai nutse ba. Da shi aka fara tashin 'yan jirage ranar 7 ga Satumba. Jirgin ƙasa ya dawo aiki ranar 18 ga watan, ginin fasinjoji na ɗaya kuma ya buɗe gaba ɗaya ranar 21. Gyaran gadar bai kammala ba sai Afrilun 2019. Asarar ba ta tsaya kan matafiya ba, domin ta Kansai ake fitar da ɗimbin ƙananan kayan lantarki da masana'antun yankin ke ƙerawa, irin waɗanda ake haɗa wayoyi da kwamfutoci da su a wasu ƙasashe.

Me ya sa filayen jirage ke da saurin cika da ruwa?

Jirgi yana buƙatar shimfiɗaɗɗen fili mai tsawon kilomita 3 zuwa 4, babu tsauni ko dogon gini a gabansa, kuma nesa da unguwanni saboda ƙara. A yawancin manyan birane, irin wannan wuri sai a bakin teku, ko gefen kogi, ko fadamar da aka cike. Wato wuraren da ruwa ya saba kwanciya tun asali. Bayan haka kuma ana rufe ɗaruruwan kadada da kwalta da kankare, waɗanda ba sa shan ruwa. Duk ɗigon da ya sauka dole ya nemi magudana.

Sauyin yanayi yana ƙara nauyi a kan wannan ta hanya biyu. Ta farko, tsayin ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun farkon ƙarni na 20, kuma yana ci gaba da ƙaruwa. Santimita 20 kamar ba komai ba ne, amma guguwa a kan wannan ƙarin take ɗora nata tudun ruwan, don haka katangar da ta isa a da tana iya gazawa yanzu. Ta biyu, duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin 100. Idan hadarin ya tashi zubarwa, sai ya zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Magudanan da aka auna su da ruwan saman shekaru 40 da suka wuce ba za su iya ɗauka ba.

Wani bincike da masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka fitar a 2021 ya ƙirga filayen jirage 269 a duniya da ke cikin haɗarin ambaliyar teku a yanzu, kuma adadin na iya haura 500 kafin ƙarshen wannan ƙarni idan ɗumamar duniya ta ci gaba.

Har a hamada abin ya faru

Mutum na iya cewa wannan matsalar masu bakin teku ce da ƙasashen da ke da damina mai ƙarfi. Abin da ya faru a Dubai, wadda 'yan kasuwar Kano da sauran matafiyan Afirka ta Yamma suka sani sarai, ya nuna akasin haka. Ranar 16 ga Afrilu, 2024, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ga ruwan sama mafi yawa tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1949. Ruwan da ya sauka a Dubai a yini ɗaya ya fi wanda birnin ya saba samu a shekara guda. An soke tashin jirage fiye da 1,000, hanyoyin zuwa filin suka cika da ruwa, har ma'aikatan jirage da matuƙa suka kasa isowa wurin aiki. A shafukan sada zumunta an yi ta yaɗa cewa feshin sinadari a gajimare ne ya jawo ruwan, amma masana yanayi sun nuna cewa babban hadari ne wanda na'urorin hasashe suka hango kwanaki kafin zuwansa. Bayan wata biyu gwamnatin Dubai ta amince da aikin magudanan ruwan sama na dirhami biliyan 30.

A watan Mayun 2024, ambaliya ta mamaye filin jirgin birnin Porto Alegre da ke kudancin Birazil. An rufe shi ranar 3 ga Mayu, kuma jiragen fasinja ba su dawo ba sai ƙarshen Oktoba, domin ruwan ya daɗe yana kwance har ya lalata titin da kayan lantarki. A tsakanin nan, wani sansanin sojan sama da ke kusa ne ya riƙa karɓar 'yan jiragen fasinja. Filin Kochi na Indiya ma ya yi kusan mako biyu a rufe a Agustan 2018 saboda ambaliya.

Yankin Sahel bai fita daga lissafin ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin sun ninka sau uku tun farkon shekarun 1980. Filayen jiragen Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna nesa da teku, amma ruwan sa'a biyu da ya fi ƙarfin kwalbati ya isa ya shiga ɗakin janareta.

Matakin farko: hana ruwa shiga

Bayan Jebi, kamfanin da ke tafiyar da Kansai ya ware fiye da yen biliyan 50 domin kariya. An ƙara wa katangar teku tsayi, an jera manyan duwatsun kankare a gabanta masu karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Sai dai ɗaga katanga a filin jirgi yana da nasa sharaɗin. Jirgin da ke sauka yana buƙatar sarari a gabansa, don haka idan katanga ta yi tsayi da yawa sai ta zama cikas. Dole aka ƙara wa titin jirgi na farko kauri da sabuwar kwalta domin shi ma ya ɗago.

Masu gina sababbin filaye sun fi samun sauƙi, tunda suna iya ɗaga ƙasar tun daga tushe. Singafo ta tsara sabon ginin fasinjoji na biyar a filin Changi ya zauna mita 5.5 sama da tsayin teku. Filin Schiphol na ƙasar Holan kuwa yana zaune ne a gurbin wani tafki da aka zuƙe a ƙarni na 19, kimanin mita 3 ƙasa da tsayin teku. Ganuwar ƙasa da magudanai da injinan zuƙe ruwa masu aiki ba dare ba rana ne ke riƙe da shi a bushe.

Mataki na biyu: fitar da wanda ya shiga da sauri

Titin jirgi ba a kwance yake ɗaɓas ba. Tsakiyarsa ta ɗan fi gefensa tudu, da gangara ta kusan kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100, domin ruwa ya gangara gefe. A filaye da yawa kuma ana tsaga ƙananan layuka a kan titin daga gefe zuwa gefe, masu zurfin milimita 6 da faɗin milimita 6. Amfaninsu shi ne su ba ruwa hanyar gudu daga ƙarƙashin taya. Idan ruwa ya kwanta, tayar jirgin da ke sauka da gudun fiye da kilomita 200 a sa'a tana iya hawa kan ruwan ta daina taɓa kwalta, birki ya ƙi ci.

Saboda wannan haɗarin ne Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta kawo tsari guda na bayyana halin titi, wanda ya fara aiki a Nuwamban 2021. Ana ba kowane kashi ɗaya cikin uku na titin lamba daga 6 zuwa 0. Lamba 6 na nufin busasshe, 5 jiƙaƙƙe, idan kuma ruwan da ke kwance ya haura milimita 3 sai lambar ta faɗo zuwa 2. Matuƙi yana saka lambar a kwamfutarsa, ta lissafa masa tsawon titin da yake buƙata kafin jirgin ya tsaya. Wasu filayen suna da na'urorin auna kaurin ruwa da aka binne a cikin titin, ko aka ɗora a motar sintiri.

Daga gefen titi ruwan yana shiga magudanai, zuwa manyan tafkunan ajiya da ke riƙe shi har hadari ya wuce. Su ma waɗannan tafkunan ana taka-tsantsan da su, domin ruwan da ke kwance a sarari yana jawo tsuntsaye, tsuntsu kuma abokin gabar injin jirgi ne. Shi ya sa ake rufe su da raga, ko a gina su a ƙarƙashin ƙasa. A filin da ke ƙasa da tsayin teku ko kogi, ruwa ba zai fita da kansa ba sai da injin zuƙa, injin kuma sai da wuta. Idan ambaliya ta kashe wutar, ta kashe abin da zai kore ta ke nan.

Mataki na uku: kare abin da bai kamata ya jiƙe ba

Nan ne babban darasin Kansai yake. An daɗe ana ajiye taransifoma da janareto da kwamfutocin sadarwa a ƙarƙashin gini, saboda wurin ba ya cin sararin fasinjoji, kuma ƙararsu ba ta damun kowa. Amma ruwa gangare yake bi, ƙarƙashin gini kuwa shi ne wuri mafi gangare. Bayan 2018 an kwashe muhimman kayan lantarkin ginin Kansai zuwa sama, an sa ƙofofi da shingayen ƙarfe masu hana ruwa wucewa a hanyoyin shiga ƙarƙashin ƙasa, an kuma tanadi manyan motocin zuƙe ruwa.

Masu sayen waya sun san alamar IP67 da IP68. Wayar da ke da IP67 an gwada ta a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Kamfanin bai yi alƙawarin wayar ba za ta faɗa ruwa ba, ya dai toshe kafofin da ke kaiwa ga sassan da ruwa ke kashewa. Tunanin injiniyoyin filayen jirage ma ya koma nan. Sun ɗauka cewa wata rana ruwa zai fi ƙarfin katanga, tambayar ita ce me zai ci gaba da aiki a ranar, kuma kwana nawa za a ɗauka kafin jirgin farko ya tashi.

Amsar ta haɗa da samun biyu na duk abin da ba a iya rayuwa ba tare da shi ba: layin wuta biyu daga wurare daban, ajiyar bayanai a wata cibiya nesa da filin, da hanyar fita ta biyu, ko da jirgin ruwa ne. Ta haɗa da ajiyar abinci da ruwan sha da barguna da baturan cajin waya na dubban mutane. Sannan akwai tsarin sanarwa da ba ya dogara da lasifika kaɗai, cikin harsuna da yawa, da cibiya guda inda kamfanonin jirage da 'yan sanda da masu jirgin ƙasa ke zama tare su yanke shawara. Hasashen yanayi ma yana cikin kariyar, domin gargaɗin kwana biyu ya isa a kwashe jirage zuwa wani gari, a rufe ƙofofin ruwa, a kuma umarci jiragen ruwa su yi nesa. Bayan haɗarin gadar, hukumomin Japan sun taƙaita yada zangon jiragen ruwa a kusa da filin a lokacin guguwa.

Zafi ma yana da nasa

Ambaliya ce ta fi ɗaukar hankali, amma zafi ma yana hana jirage tashi. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fukafuki ba sa samun abin dogara sosai, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo, ko a rage masa kaya da fasinjoji. A Yunin 2017 an soke tashin gomman ƙananan jirage a birnin Phoenix na Amurka lokacin da zafi ya kusanci digiri 48. A Yulin 2022 kuma filin Luton na Ingila ya dakatar da jirage na 'yan sa'o'i saboda zafi ya ɓata wani sashe na titin. Maganin a nan shi ne kwalta mai jure zafi, da ƙara tsawon titi, da mayar da tashin manyan jirage zuwa dare ko asuba.

Abin da matafiyi zai yi da wayarsa

Gina katanga aikin gwamnati ne da kamfanoni, amma abin da ya faru da mutanen Kansai da Dubai ya bar darasi ga duk mai shirin tafiya. Ka sauke manhajar kamfanin jirgin da za ka bi, ka kunna sanarwarta, domin sau da yawa labarin jinkiri ko soke tashi yana fara isowa ta nan. Ka ɗauki hoton tikitinka da bizarka da shafin fasfonka ka ajiye a cikin wayar, yadda za ka buɗe su ko babu intanet. Ka duba hasashen yanayin garin da za ka yada zango, ba na inda za ka sauka kaɗai ba.

Fawa bank ɗinka kuma ya kasance cike da caji, a jakar hannu, domin doka ta hana saka shi a akwatin da ake aunawa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce 100Wh, mai 20,000mAh kuwa kusan 74Wh ne, don haka yana cikin iyaka. Wasu kamfanonin sun hana amfani da shi a cikin jirgi, sai ka duba dokar naka kafin ranar tafiya. Ka riƙe ɗan kuɗi a hannu da maganin da kake sha a jakar da ke tare da kai, saboda idan wuta ta ɗauke a fili, na'urar cire kuɗi da belin fito da akwatuna duk tare suke tsayawa.